Duron Ba Ya Sallama, Sai Dai Kai Mai Riƙe Da Rimot

Ka lura da yadda bidiyon biki ya sauya a 'yan shekarun nan? A da mai kyamara a cikin mutane yake tsayawa, yana ture wannan yana ba wancan haƙuri. Yanzu kuwa daga sama ake fara bidiyon: ga rufin kwano yana ƙyalli, ga jerin motocin kai amarya, ga 'yan babur suna tayar da ƙura, sannan hoton ya riƙa saukowa a hankali har kan hular ango. Abin yana da kyau, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Aikin ɗan ƙaramin jirgin nan ne maras matuƙi, wanda muke kira duron. Kuma tuni ya wuce bikin 'ya'yan manya a birni. Ya isa Bichi, ya isa Dambatta, ya isa Minjibir da Dawakin Tofa, kuma kana ganin sakamakon a TikTok da Facebook kusan kullum.

To ga wani ɗan aiki da zan ba ka. In ka sake cin karo da irin wannan bidiyo, tsayar da shi daidai lokacin da jirgin yake can sama. Bar kallon gidan bikin, duba gefe da gefe. Gida nawa ka gani? A ɗaya wata tana daka da ɗaurin ƙirji. A wani ana yi wa yara wanka. Can kuma ga makewayi babu rufi, kamar yadda yake a galibin gidajenmu na karkara. Mutanen nan babu wanda ya gayyace su cikin bidiyon, babu kuma wanda ya nemi izininsu. Amma ga su nan a wayar dubban mutanen da ba su san su ba.

Maganata a yau ke nan. Na'urar nan tana da amfani, kuma ina so samarinmu su koye ta su ci abinci da ita. Amma ta zo da wata matsala da ta fi tsanani a irin ƙasarmu: tana shiga gida ba tare da sallama ba. Kuma ko a hannun wa take, mai ɗaukar biki ne, ɗan sanda ne ko soja, in ba a yi mata sallamar ba, ɓarnarta za ta iya rinjayar amfaninta.

Me ya sa na ce irin ƙasarmu? Dubi yadda arewacin Kano yake. Daga Ungogo ka kama hanyar Dambatta, ko ka bi ta Dawanau ka nufi Bichi da Tsanyawa, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga gida ko mutum a gona ba. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, saboda yana cikin karkarar da ta fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye, ana noma fili ɗaya kowace shekara ana kai masa taki. Ma'ana, a nan babu wani sararin da za ka tashi jirgi ka ce ba ka kan kowa. Ko ina ka ɗaga shi, kana kan gidan wani ko gonar wani.

Sannan dubi gidan kansa. Duk dabarar ginin Bahaushe an yi ta ne don tsare ido. Katanga ko danga ta fi tsayin mutum. Zaure yana tare baƙo, kuma ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Namiji baligi ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Amma duk wannan tsaro na mai tafiya a ƙasa ne. Sama a buɗe take, domin a tsakar gida ake girki, a nan ake shanya, a nan ake kwana lokacin zafi. Kakanninmu sun bar ta a buɗe ne saboda ba mai leƙowa ta nan sai tsuntsu.

Kuma ko a da, in larura ta sa namiji zai hau sama, akwai ladabin abin. Magini zai hau soro ya yi yaɓe, sai a aika maƙwabta a ce maza za su hau, a kimtsa. Wanda zai hau bishiyar da ke kallon gidan mutane ma yakan yi magana tukuna. Addini kuwa ya riga al'ada. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa saboda ido aka wajabta neman izini. To in ƙafarka tana waje amma idonka yana tsakar gidan mutum, ka shiga ko ba ka shiga ba? Kai ma ka san amsa.

Wataƙila ka ce ai daga can sama ba a gane fuska. Wannan maganar ta tsufa. Mafi yawan jiragen da ake gani a hannun masu ɗaukar bidiyo na kamfanin DJI ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006. Ƙananan samfurinsa, waɗanda ake kira Mini, nauyinsu bai kai giram 250 ba, kana iya sa ɗaya a aljihun babbar riga. Amma kyamararsu tana ɗaukar hoto tangaran kamar ta babbar waya, wasu manyan kuma suna iya jawo abu daga nesa su kawo shi kusa. Mai riƙe da rimot yana kallon komai a allon wayarsa a daidai lokacin, kuma komai yana shiga katin ajiya. Ko da ya yanke wajen da bai dace ba kafin ya ɗora, ainihin bidiyon yana nan a hannunsa, da hannun yaron shagonsa, da hannun duk wanda aka tura wa ta WhatsApp.

Ke kuma 'yar'uwa, kin fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Kin san yadda sashen kwament yake. Hoton daƙiƙa uku na matar aure a tsakar gidanta ya isa a yi ta yawo da shi, a sa masa waƙa, a yi masa dariya, har ya dawo kunnen mijinta da danginsa. Wanda ya ɗauka ya samu layik ɗinsa ya wuce. Ita kuwa a garin za ta ci gaba da zama. Abin da ya hau intanet ba ya saukowa, ko an goge shi wani ya riga ya adana.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Hoton sama ba mutane kaɗai yake nunawa ba. Yana nuna inda garken shanu yake, da gidan da ya fi yawan rumbuna, da gidan da ke da mota da sola, da lungun da ke fita bayan gari, da inda katanga ta zube. A lokacin zaman lafiya wannan ba komai ba ne. Amma kowa ya san abin da ya faru a ƙarshen 2025, lokacin da 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna kai hari a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna sace mutane da dabbobi. A irin wannan hali, yaron da ya ɗora bidiyon garinsu daga sama da taken "garinmu ya haɗu" ya raba taswirar garin kyauta ga duk mai data. Niyyarsa alheri ce, amma ba duk mai kallo ke da irin niyyarsa ba.

Wannan ya kawo mu kan jami'an tsaro. Duk lokacin da aka kai hari, za ka ga samari a soshiyal midiya suna cewa gwamnati ta sayo duron kawai a gama da su. Ina goyon bayan a saya. Ido a sama yana iya hango ayarin babura tun kafin su iso, yana iya bin sawun waɗanda suka kora shanu, yana iya hana soja faɗawa kwanton ɓauna. Amma mu san iyakar abin. Batirin ƙaramin duron kusan rabin awa yake yi, sai a sauko a canza. Ƙurar hunturu tana rage masa gani, iska mai ƙarfi tana wahalar da shi. Da damina kuwa, in dawa da gero suka fi mutum tsayi, mutum yana iya ɓacewa a cikinsu. Kyamarar dare mai gane zafin jiki za ta nuna maka cewa ga mutane biyar suna tafiya, amma ba za ta gaya maka ko ɓarayi ne ko 'yan sintiri ko masu dawowa daga kasuwar Badume ba.

A nan ne cikar jama'ar yankinmu ta zama abin lura. A dajin da ba kowa, motsin dare abin zargi ne. A arewacin Kano kuwa motsi ba ya ƙarewa: mai ban ruwa a Watari yana fita da asuba, Bafulatani yana kora shanu, ana dawowa daga ɗaurin aure a kan babura ashirin, ana taron Mauludi har tsakar dare. Wanda yake kallon allo, in bai san garin ba, duk wannan abu ɗaya zai gani: taron mutane.

Kada mu manta da Tudun Biri. A daren 3 ga Disamba 2023, jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu taron Mauludi a wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara, wasu ƙungiyoyi kuma sun ce adadin ya fi haka. Rundunar soja ta amsa cewa ita ce, kuma babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri. Gaskiya ne wancan babban jirgi ne mai ɗauke da makami, ba irin na biki ba. Amma tushen kuskuren ɗaya ne: an gani daga sama, ba a sani ba. Hausawa suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Duron ya fi rimi tsayi, amma mai unguwa da ke zaune a ƙofar gidansa ya fi shi sanin wa ke taro a daren nan da dalilin taron.

Sannan kada ka ɗauka gwamnati kaɗai ke iya mallakar wannan na'ura. A yaƙin Rasha da Yukiren, ɓangarorin biyu sun mayar da irin waɗannan ƙananan jirage na kasuwa kayan leƙen asiri da kai hari. A nan gida ma, mayaƙan ISWAP sun daɗe suna amfani da su wajen leƙe, kuma a Disamban 2024 an kai wa sansanin soja na Wajiroko a jihar Borno hari da su. To yanzu sa kanka a matsayin manomi a wani ƙauye na Kunchi ko Bagwai. Ka ji ƙara kamar ta kudan zuma a saman gidanka. Na 'yan sanda ne? Na masu leƙen gari ne kafin su shigo? Ko na wani ɗan TikTok ne? Ba ka da hanyar sani. In ka tayar da gari, aka gano mai ɗaukar biki ne, gobe ba wanda zai motsa. In kuma mutane suka tsorata suka yi kan baƙon da suka gani da rimot, mun san yadda taron fushi yake ƙarewa a ƙasar nan. Kowane tashi da aka yi ba sanarwa yana rage wa gari ikon gane haɗari na gaske.

Shi ya sa nake cewa sallamar ta hau kan hukuma ita ma. Ba ina nufin soja ya yi shela kafin ya bi sawun ɓarayi ba, kowa ya san wannan ba zai yiwu ba. Amma sintirin yau da kullum a kan garuruwan mutane ya kamata hakimi da dagaci su san da shi, su san lambar da za su kira su tambaya ko jirgin da ke sama na hukuma ne. Ya kamata a samu ɗan gari amintacce da ake tuntuɓa kafin a yanke hukunci a kan abin da allo ya nuna. Kuma a faɗa mana: bidiyon tsakar gidajen mutane da aka ɗauka, wa ke ajiye shi, har tsawon wane lokaci, kuma wane hukunci ke kan jami'in da ya tura shi waje? Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirrin gidansa. A Yunin 2023 kuma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, har da hukumar da ke kula da ita. Talakan Makoda yana da wannan haƙƙi daidai da mai gida a Maitama.

Ta ɓangaren doka, da yawanmu ba mu san cewa tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin duron ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Tambayi masu ɗaukar biki da ka sani, mutum nawa ne ke da takardar? Laifin ba nasu ne kaɗai ba. Tsarin da ke sa yaro mai jarin na'ura ɗaya ya riƙa bin ofisoshin Abuja ba a yi shi don irinsa ba, dole ya kauce masa. Abin da ya fi shi ne rajista mai sauƙi a nan Kano, da ɗan horo, da lamba a jikin kowane jirgi, yadda in an yi ɓarna za a san mai shi. Kuma 'yan Ungogo da kewaye, ku tuna filin jirgin Malam Aminu Kano yana maƙwabtaka da ku. A Disamban 2018 rahoton ganin duron ya sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke tashi da saukar jirage kusan 1,000. Ba wurin wasa ba ne.

Wani zai ce, Malam, ai Google ma ya riga ya nuna gidajenmu daga sama, me ya rage? Akwai bambanci. Hoton tauraron ɗan'adam tsoho ne, daga nesa, rufi da bishiya yake nunawa. Duron kuwa yana tsaye a kan gidanka yanzu, yana kallon wanda ke ciki yana motsi, kuma wanda ke tuƙa shi yana iya zama mutumin da ya san sunan matarka. Wani kuma zai ce zamani ne, ba a tare shi. Haka ne, zamani riga ne. Amma waya mai kyamara ma da ta zo, ai mun koyi cewa ba a ɗaukar gawa, ba a ɗaukar mace ba da saninta ba, kuma wanda ya yi muna ganin baƙinsa. Ladabi ba ya zuwa a cikin kwalin na'ura, masu amfani da ita ne suke sa mata.

Kuma wallahi akwai abincin halal a sana'ar nan, wanda ya fi na biki ɗorewa. Gonakinmu ƙanana ne, gado yana ƙara yanka su, rikicin iyaka ba ya ƙarewa a gaban dagatai da alƙalai. Saurayin da ya iya ɗaukar hoton gona daga sama ya fitar da awonta daidai zai samu aiki. Masu noman rani a madatsun Watari da Tomas suna buƙatar sanin inda magudanar ruwa ta toshe ko ta fashe. Ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi a duba mata fili mai faɗi a ga inda shuka ta fara canza launi, tun kafin tsutsa irin sharon da ta cinye tumatir a 2016 ta gama da su. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a ruwan Bagwai da ɗaliban Islamiyya, aƙalla mutum 29 suka rasu. Duron ba zai hana kifewa ba, amma a irin wannan rana ido a sama yana taimaka wa masu ceto su san inda za su nufa. A jihar Kaduna ma, tun 2022 kamfanin Zipline yake kai magunguna asibitocin karkara da nasa jiragen, bayan ya fara a Ruwanda a 2016. Duk waɗannan ayyuka sai da yardar mutanen gari suke yiwuwa. Ranar da ƙauyukanmu suka yanke cewa duron abokin gaba ne, suka fara harbinsa da gwafa, ƙofar ta rufe wa kowa, har da mai niyyar kirki.

Saboda haka, kai mai rimot, ga abin da nake roƙonka. Kafin ka tashi jirgi a kowane gari, je ka gaida mai unguwa ka gaya masa ko kai wane ne, da abin da ya kawo ka, da lokacin da za ka tashi. A aika yaro gidajen da ke kewaye a ce za a ɗaga na'ura, kamar yadda ake yi wa magini. Ka tashi a fili, a ƙofar gida ko filin makaranta, ka juya kyamararka ga abin da aka biya ka ka ɗauka. Kada ka tsaya a kan gidan da ba na masu biki ba. Abin da ya shigo bisa kuskure ka goge shi daga katin gaba ɗaya. A garuruwan da ke kan iyaka kuwa, inda ake zaman ɗar-ɗar, ka haƙura da hoton gari dungurungum, komai kyansa. In mai gida ɗaya ya ce bai yarda ba, to bai yarda ba. Minti goma duk wannan zai ci maka, kuma shi zai sa gobe a sake kiran ka.

Kai ango, ke amarya, ku kuke biya, don haka ku ne masu sharaɗi. Ku gaya wa mai ɗauka tun farko cewa ba ku son gidan maƙwabta a bidiyonku. Mu kuma masu kallo, namu ya fi sauƙi. In ka ga bidiyon da ya tona tsakar gidan mutane, kada ka tura, kada ka sa dariya, ka yi wa mai shi magana ta akwatin sirri cikin mutunci. Yawancinsu ba mugunta ba ce, ba su taɓa tunanin abin ba ne.

Mun gaji gidaje masu buɗaɗɗiyar sama saboda iyayenmu sun amince da juna. In muka bar abin nan haka, wata rana kowa zai nemi kwano ya rufe tsakar gidansa, mai hali ya rufe, talaka ya zauna a tone. Gara mu koya wa na'urar ladabin garin tun tana baƙuwa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.